Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawa, malamai da shugabannin Hausawan Gadarif game da zaman rubutunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Iyayenmu sarakuna da shehunan unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya take yi wa iyayenta, ina neman afuwarku da na ɗauki alƙalami na yi muku magana a bainar jama'a, alhali tarbiyyar da kuka ba mu ita ce mace ta ba wani babba saƙonta ya kai gaban manya. Na bi wannan hanyar har sau biyu, kuma a duka biyun saƙon ya iso gare ku a gutsure, aka ce muku wasu yara ne suke neman ɗakin da za su riƙa taruwa suna hira. Tunda kuwa maganar ta rubutu ce, na ga ya fi dacewa ta zo muku a rubuce, daga hannun wadda abin ya shafa, domin ku auna ta da kanku.

Ni haifaffiyar Rusairis ce. A can aka binne cibiyata, a can aka haifi mahaifina, kuma har na girma ban san wani gari da zan kira namu ba sai shi. A watan Yulin 2022, lokacin da fitinar ƙabilanci ta tashi a jiharmu ta Nil Azrak, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, muka baro ƙanena a ƙarƙashin ƙasa, muka sauka Wad Madani wajen dangin mahaifiyata. Ba mu gama hutawa ba yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta cika ta batse da masu gudu, sannan a watan Disambar wannan shekarar ita ma Madanin ta faɗi, muka sake ɗaure kaya. Haka muka iso Gadarif, aka sauke mu a ajin wata makaranta, iyali huɗu a ɗaki guda, babu abin da ya raba tsakaninmu sai zannuwan da aka rataya a igiya. Da yawa daga cikinku sun ga abin da ya fi wannan, kuma ku ne kuka ciyar da mu a kwanakin farko, Allah ya saka muku da alheri. Na kawo labarin ne kawai domin ku san halin da zaman rubutun ya tarar da ni a ciki.

Ba ni da ciwon da likita zai gani, amma magana ta ƙaurace wa bakina. Nakan tashi da asuba in soya gyaɗa, in ɗora tukunyar shayi a bakin kasuwa, in faɗi kuɗin kofi, in karɓa, in ba da canji, kuma iyakar abin da yake fita daga bakina ke nan har dare ya yi. Mahaifiyata ta kai ni wajen malamai, an yi mini rubutun sha, an yi addu'a, kuma na yi imani addu'ar nan ce ta buɗe ƙofar da zan faɗa muku. A watan Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, aka yi kwanaki babu wanda ya san halin da nasa yake ciki, mutane suka koma tsohuwar hanya ta rubuta takarda a ba direban babbar mota ko wani matafiyi. A cikin makarantar da muke akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar firamare wadda ita ma gudu ne ya kawo ta daga Jazira, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya tana rubuta wa mutane wasiƙu kyauta. Da layi ya dawo wasiƙun suka ragu, amma waɗanda suka saba zama a tabarmar ba su watse ba, domin sun gano cewa abin da suke son faɗa ya fi ƙarfin wasiƙa. Wata rana dattijuwar ta tsaya shan shayi wajena, ta ga guntun kwalin da nake rubuta bashi a kai, haruffan na Larabci, kalmomin na Hausa. Ta ce, “'Yata, wa ya koya miki rubuta Hausa?” Na ce, “Babu kowa, Inna, abin da kunnena ya ji shi nake ba hannuna.” Ta ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da shafi ɗaya, in rubuta duk abin da raina ya so a kai.

Na yi mako uku ina zuwa hannu rabbana, ina zama a bakin tabarma ina saurare, kuma babu wanda ya matsa mini. A mako na huɗu na zo da shafina. Layin gidanmu na Rusairis na rubuta, na bi shi gida-gida tun daga ƙofar masallaci har gangaren kogi, ina faɗin wanda yake kowane gida, da sana'arsa, da itacen da yake ƙofarsa, da matar da godo-godonta ya fi na kowa, da mai agashen da yake hura wuta da zarar an idar da magariba. Na fara karantawa muryata tana rawa, ban ankara ba sai ga ni a ƙarshen shafi. Wani tsoho mai gyaran takalma, wanda ya taɓa zama a unguwarmu shekarun baya, ya ce na tsallake gida ɗaya tsakanin na mai niƙa da na ladan, kuma gaskiyarsa, gidan wata tsohuwa mai kitso ne da ya fice mini a rai. Yana rufe baki wani saurayi ya ce idan ladan ɗin da nake nufi mai ɗingishin nan ne, to ya ga iyalinsa a Kasala, a hayin kogin Gash. Matar ladan ɗin goggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda tun ranar da muka watse ba mu san ko tana raye ba. Kafin mako biyu su cika na ji muryarta a waya, mahaifina kuwa da aka miƙa masa wayar ya kasa cewa komai sai hamdala. Tun daga wannan Alhamis ɗin nake magana kamar sauran mutane.

Ina roƙonku ku tsaya a nan ku dubi abu guda. Da ni kaɗai na rubuta shafin nan na cusa shi a ƙarƙashin matashi, da gidan mai kitso ya ɓace har abada, da goggona tana Kasala muna Gadarif kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'ar mamaci. Alƙalamin nawa ne, amma amfanin ya fito ne daga kunnuwan da suka saurara da bakunan da suka gyara, kuma wannan shi ne abin da nake neman ku ba inuwa.

Ga yadda zaman yake, domin na ji ana siffanta shi da abin da ba shi ba. Mun fara mu bakwai, yanzu mukan kai ashirin, mata suna gefe guda, maza suna gefe guda, kuma a tsakiya akwai wani malamin allo mai furfura wanda ba ya fashi. Kowa yakan zo da shafi ɗaya ya karanta da murya, ba a katse mai karatu ko da kuka ya ci ƙarfinsa, jiransa ake yi. Idan ya gama, sai masu saurare su faɗi wurin da ya zauna musu a rai da wurin da ba su gane ba. Abin da aka karanta a tabarma ba ya barin tabarma sai da izinin mai shi. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi kuwa shi ne mutum ya rubuta abin da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji daga wanda ya gani, kuma kada ya ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila gaba ɗaya.

Wannan sharaɗin ni ya fara kamawa, kuma zan faɗa muku yadda aka yi ko da yake har yanzu ina jin nauyinsa. Wata Alhamis na rubuta ranar da aka kashe ƙanena, shafi uku cur, tun daga sama har ƙasa tsinuwa ce a kan wasu mutane da zuriyarsu. Da na gama aka yi shiru, sannan malam ya ce, “'Yata, na ji zafin da yake cikin takardar nan, amma ban ga ɗan'uwanki a ciki ba. Yaya kamanninsa? Me yake so? Me ya faɗa miki da safen ranar?” Raina ya ɓaci ƙwarai, na naɗe takardata na tafi, na yi mako biyu ban koma ba. Mata biyu daga cikin zaman suka biyo ni da garwashi da jabana, wato tukunyar dafa gahawa, suka zauna tare da ni har isha'i, ba su ce mini in koma ba, ba su kuma ce malam ya yi kuskure ba. A daren na sake ɗaukar alƙalami na rubuta yaron kamar yadda yake, da wushiryarsa, da tsoron kare da yake yi, da keken da yake tara kuɗin saye. Ina cikin bin ranar daki-daki sai na iso wurin da na daɗe da toshewa a zuciyata: maƙwabcinmu, mutumin ƙabilar nan da na tsine wa, shi ne ya ɓoye mahaifiyata da ƙananan yara a ɗakin ajiyar hatsinsa har gari ya waye, ya kuma raka su bakin hanya da kansa. Da an bar ni da takardata ta farko, da na binne alherin bawan Allah nan tare da ƙanena, da kuma abin da zan ba 'ya'yana gado ke nan. Idan akwai mai tsoron kada rubutu ya hura wutar gaba, to ya sani ni a kaina na ga yadda ya kashe ta.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki. Mafi yawanmu da Larabci muka yi karatu, da shi muke cika takardun hukuma, Hausa kuwa ta baki ce kawai, ta cikin gida da kasuwa. Malam ya koya mana ajami kamar yadda kakanninmu suka zo da shi: harafin da Larabawa suke fara rubuta ɗahara da shi ya tsaya a madadin ɗ, na farkon Ƙur'ani ya tsaya a madadin ƙ, mai ɗigo uku na farkon kalmar uku a Larabci ya zama c, wasalin e kuma a yi masa babban ɗigo a ƙasa irin na imala da masu karatun Warshu suka sani. Wani ɗalibi da yaƙi ya raba shi da Jami'ar Afirka ta Khartum, inda ya zauna da ɗaliban Najeriya da Nijar, shi ya koya mana rubutun boko da haruffansa masu lanƙwasa. Da farko wasunmu suna jin kunyar Hausarsu, domin mu mukan ce mustashfa da arabiyya da kahraba a inda mutanen Kano suke cewa asibiti da mota da lantarki. Da muka zauna muka duba, sai muka ga nasu aro ne daga Turanci, namu aro ne daga Larabci, kowa da maƙwabcin da Allah ya haɗa shi da shi. Ɗalibin ya gaya mana cewa Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi shekaru yana nazarin yadda Hausar Sudan ta zauna tare da Larabci, sai ga 'yan matan da suke ɓoye bakinsu sun ɗaga kai, tunda ashe abin da suke jin kunyarsa malamai suna ɗaukarsa ilimi. Muka yanke cewa kowa ya rubuta yadda uwarsa take magana, sannan ya koyi daidaitacciyar Hausa domin na nesa su fahimce shi. Wannan wasiƙar da boko na rubuta ta saboda 'yan'uwa na wasu ƙasashe, kuma na yi wata da ajami na ba malam ya riƙe wa duk wanda ya fi son ganinta haka.

Da hannuna ya faɗa, abin da na fara yi shi ne na zauna a gaban kakata. Mahaifinta ya bar ƙasar Haɗejia yana saurayi da niyyar aikin hajji, a ƙasa, kamar dubban mutane a wancan zamani. Ta ba ni zangon tafiyar kamar yadda ya ba ta: Yarwa, Fort Lami wadda ake kira Njamena a yau, Abeshe, Junaina, Fashir, Nahud, Ubayyid, a kowane gari a tsaya damina ɗaya ko biyu a yi ƙwadago a tara guzuri. Ta faɗa mini sunayen waɗanda suka mutu a hanya da wuraren da aka binne su, da waƙar da matan ayari suke yi idan suna daka, da yadda aka ɗaura auren iyayenta a zango da sadakin mudun gero. Zama 11 muka yi ina rubutawa, ita tana kwance a angarib, gadonmu na igiya, ni ina ƙasa. A daminar 2024 Allah ya karɓi ranta, Allah ya jiƙanta, kuma labarin ya tsaya a Ubayyid, garin da aka haife ta. Yadda suka baro can, da ko mahaifinta ya taɓa tsallake Bahar Maliya ya ga Ka'aba, da abin da ya kai su Rusairis, duk sun tafi tare da ita, mahaifina kuwa bai taɓa tambaya ba. Shekara ɗaya kacal da na riga fara wannan aiki, da littafin ya cika.

Ba zan ce muku zaman rubutu ya cika mana tukunya ba, kuma bai dawo da wanda ya mutu ba. Har yau da safe shayi nake sayarwa. Amma yanzu idan tsohuwa za ta ga likita kuma Larabcinta bai kai ba, ni ake kira in yi mata tafinta, ni nake cika wa mutanen sansaninmu takardun rajista, kuma da hantsi ina koya wa yara 14 karatu da rubutu, iyayensu suna ba ni abin da ya sawwaƙa. Waɗanda muka fara da su wasu sun watse: da sojoji suka karɓe Madani a watan Janairun 2025 dattijuwar nan ta koma gidanta ta shimfiɗa wata tabarmar a can, wani ya tafi Masar, wata ta bi mijinta Jidda. Duk da haka ranar Alhamis sukan ɗauki hoton shafinsu su aiko ta waya a karanta a madadinsu, kuma ta Jidda ta taɓa aiko mana da shafin wata yarinya Bahaushiya haifaffiyar can, wadda ta rubuta yadda kakanta ya tsallako daga Sawakin a jirgin ruwa. Da aka karanta, wani tsoho a cikinmu ya ce ai tafiyar ɗaya ce, wasu ne suka tsallaka wasu suka tsaya.

Yanzu bari in zo ga abin da na ji kuna faɗa, kuma ina faɗarsa da ladabi, domin na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. An ce zaman yana haɗa maza da mata. Maganin wannan yana hannunku: ku turo wanda kuka yarda da shi ya zauna, ko ku ce a raba ranar mata da ta maza, duk mun amince. An ce rubutun labari aikin banza ne, bai dace da 'ya mace ba. A nan ina tuna muku da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna tara mata suna koyar da su da waƙoƙinta, abin da aka sani da 'yan taru. Mata su taru a kan rubutu gadonmu ne, kuma gidan da ya kafa shi jininsa ne ya kafa garin Maiwurno a bakin kogin nan namu na Nil Azrak.

Amma na san akwai tsoron da ya fi waɗannan zurfi, wanda ba a cika faɗarsa a fili ba, kuma wani daga cikinku ya faɗa mini shi a keɓe cikin tausayi. Ya ce idan muka yi ta rubuta Haɗejia da Katsina da Sakkwato, muna ba masu cewa mu baƙi ne sanda su doke mu da ita, gara mu yi shiru mu saje. Na daɗe ina juya maganar nan, domin ba ta banza ba ce, kuma wanda ya faɗe ta ya sha wuyar neman takardar zama ɗan ƙasa fiye da yadda na sani. Abin da na gani shi ne shirun bai kare mu ba. Mun yi shiru shekara da shekaru, kuma da fitina ta zo a 2022 babu wanda ya tambayi ko mun saje. A kwanakin nan kowa ya ba da labarinmu, gidajen rediyo da jaridu da 'yan siyasa, mai sonmu da mai ƙinmu, mu kuwa ba mu da takarda ɗaya da ta fito daga hannunmu wadda za mu ajiye mu ce ga yadda abin yake. Alhali tarihin yana tare da mu. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya jagoranci waɗanda suka rage zuwa gabas, kuma garin da yake ɗauke da sunansa kusa da Sinnar ya haura shekara ɗari. Tun kafin wannan ma mahajjata suna bin hanyar suna zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun kakanninmu yana cikin hannayen da suka yi shuka da tsinka, kamar yadda hannunmu yake cikin yankan riɗi da dawa na Gadarif a yau. Wanda ya rubuta inda kakansa ya fito, a shafin gaba zai rubuta inda kakan ya yi noma, da masallacin da ya gina, da maƙabartar da yake kwance, kuma waɗannan duka a Sudan suke. Littafin kakata da Haɗejia ya fara, amma kowane shafi bayan Junaina shaida ce ta daɗewarmu a ƙasar nan, kuma ba na tsammanin akwai hujjar da ta fi ta ƙarfi.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne an buɗe makarantu, kuma daidai ne a buɗe su, yara sun daɗe a gida. Sai dai darbejiyarmu a harabar makaranta take, an kuma ce mu tashi. Kun san ƙasar Gadarif idan ruwa ya sauka, baƙar laka ce da ba ta barin tabarma ta shimfiɗu. Muna roƙon ku ba mu aron zaure ɗaya, ko na gefen masallaci ko na wani mai hali a cikinku, yini ɗaya a mako daga la'asar zuwa magariba. Ba mu neman kuɗi, sai dai idan wani ɗan kasuwa ya ga dama ya sa mana littattafan rubutu da alƙaluma a cikin sadakarsa, domin har yanzu wasu a bayan kwali suke rubutu. Ina kuma roƙon kada a mayar da zaman ƙungiya mai shugaba da ma'aji da hatimi, kada a jingina shi da wata jam'iyya ko wani ɓangare. Na ga yadda irin wannan yake kashe abu mai kyau a tsakaninmu, ranar da aka fara rigimar kujera ranar mai jin kunya zai daina zuwa, shi kuwa mai jin kunyar saboda shi aka shimfiɗa tabarmar.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 17 wadda duk cikinmu babu mai alƙalaminta. Mahaifinta ya hana ta zuwa, kuma da muka je ba shi haƙuri ya ce ba ƙin abin yake yi ba, maganar mutane yake gudu, idan manya suka sa albarka zai bar ta. Irinsa suna da yawa. Kalma ɗaya daga bakinku bayan sallar Juma'a ta ishe su, kuma ita ce abin da na fi nema a wajenku fiye da zauren ma.

Ku ma kanku muna bukatarku a tabarmar, domin da tsohuwar zuma ake magani. A cikin gafakokinku da akwatunanku akwai wasiƙun ajami da aka aiko daga Kano da Makka, da takardun izinin hajji na zamanin Turawa, da rasiɗan gonakin Jazira, waɗanda gara da damshi suke ci a hankali, wasu kuma sun ƙone a gidajen da muka baro. Ku ba mu aronsu mu kwafe a gabanku mu mayar muku. Wanda idonsa ya yi rauni ya zo ya zauna ya faɗa da baki, akwai yara masu saurin hannu da za su rubuta, a karanta masa ya gyara kafin ya tashi. Ni kaina ina da bukata ta musamman: idan akwai wanda ya san ayarin mutanen Haɗejia da suka baro Ubayyid suka gangaro Nil Azrak, ko ya ji labarinsu daga iyayensa, ina roƙonsa don girman Allah ya neme ni. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar muna nan a gindin darbejiya, ita ce ta ƙarshe da aka yarje mana a wurin, kuma zan zo da littafin kakata a buɗe a shafin da ya tsaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyarku, daga Gadarif.